Kafin a Sayar da Ita a Kilo

Ina gaida mutanen Yelwa da Bin Yauri, da na Wara da Ngaski da Libata, da na Shanga da Dugu, da masuntan da ke jin mu daga cikin jirgi ko daga gungu. Sharhinmu na yau a kan tsofaffin motocin shiga daji ne, irin su Land Rover da tsohuwar Land Cruiser, da masu sha'awar ɗauko wadda ta daɗe a kwance, su kwance ta kusa bayan kusa, su sake haɗa ta har ta hau titi da ƙafarta.

Na san abin da wani zai ce tun ban yi nisa ba. Zai ce malam, ana fama da kuɗin taki da na makaranta, fetur ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kai kuma ka zo mana da zancen wasan masu kuɗi. Gaskiya ne, ba aikin kowa ba ne. Amma a garin nan akwai mai kiwon doki wanda bai taɓa hawansa zuwa gona ba, akwai mai ɗakin tattabaru, akwai dattijon da ke goge Vespa ɗinsa kullum safiya ko da ba inda za shi. Sha'awa ba baƙuwarmu ba ce. Da irin waɗannan nake magana, da kuma duk wanda ya gaji wata tsohuwar mota tana kwance a bayan gida, 'yan gwangwan suna ta zarya a kanta.

Motocin nan ba yawon buɗe ido ya kawo su ƙasar Yauri ba. Su ne motocin Di'o da na En'e tun muna cikin lardin Sakkwato, su ne na malaman dabbobi masu bin ruga-ruga da allura, da na malaman gona, da na asibiti. Da aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gungunan da Gungawa suka zauna kaka da kakanni, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin garuruwa. Masu awo da masu ƙidayar gidaje da masu biyan diyya, yawancin wuraren da suka shiga babu kwalta, kuma irin waɗannan motoci ne ke shiga. Yau ma ɗin, ka sauka daga babban titin da ya taso daga Kwantagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega, ka nufi ƙauyukan bakin ruwa a watan Agusta, ka gani ko ƙaramar motarka za ta kai ka. Rashin hanya na daga cikin abin da ke tura jama'a cikin jirgi da kayansu da baburansu, kuma ba mu manta da hatsarin jirgin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ita Land Rover, a Ingila aka ƙera ta, a garin Solihull, aka fara nuna ta ga duniya a Amsterdam ranar 30 ga Afrilun 1948. Wasu 'yan'uwa biyu, Maurice da Spencer Wilks na kamfanin Rover, su suka fito da ita, da nufin manomi ya samu abin da zai yi masa aikin tarakta da na mota. Lokacin an gama yaƙin duniya na biyu, ƙarfe ya yi wuya, gwamnati ke raba shi, amma alminiyam akwai shi. Sai suka yi gangar jikin da alminiyam, suka ɗora a kan casis na baƙin ƙarfe. Ku riƙe wannan, domin duk maganarmu ta yau a nan ta rataya. Samfurin da aka fi gani a wajenmu shi ne Series III, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. Wasunsu ma a nan gida aka haɗa su, a masana'antar Leyland da ke Ibadan, zamanin da Peugeot ke Kaduna, Steyr ke Bauchi. Idan kuwa ka tarar da mai sitiyari a dama, akwai alamar ta riga ranar 2 ga Afrilun 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

To, alminiyam ba ya tsatsa. Shi ya sa za ka ga motar da ta shekara ashirin a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a kujerarta, amma da ka watsa mata ruwa sai jikin ya fito sumul. Nan mai saye ke faɗawa. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ai ras take, fenti kawai take so. Bai durƙusa ba. Casis ɗin da ke ƙasa ƙarfe ne mai rami a ciki, kuma a ƙasa irin tamu ta bakin ruwa laka ke shiga ramin ta zauna. Ruwan tafkin Kainji sau biyu yake zuwa a shekara, farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso mana cikin sanyi. Tsakanin zuwansa da janyewarsa motar da ke ɗebo albasa da kifi da shinkafa daga bakin gaɓa ba ta rabuwa da danshi. Lakar da ta shiga ciki ba ta bushewa, tana cin ƙarfen daga ciki zuwa waje, kamar yadda gara ke cinye azara ta bar maka ɓawon.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a Yelwa ina kallon wani dattijon bakanike yana duba irin wannan mota da wani matashi ya jawo da igiya. Matashin sai zancen launi yake, yana nuna hoto a wayarsa. Dattijon bai kalli hoton ba. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine da ƙaramar guduma, ya fara bi daga gaba yana bugawa. Inda ƙarfen ke da rai sai ka ji ƙara mai zaƙi, tin, tin. Da ya iso baya, wurin ƙarfen da ya gitta inda ake ɗaura igiyar ja, sai ƙarar ta mutu, ta koma bup. Ya ƙara bugu ɗaya, kan gudumar ya shige, jar ƙasa da ɓarɓashin tsatsa suka zubo masa a ƙirji. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, “Yaro, Landiroba daga ƙasa ake sayenta. Ajiye kuɗin fentin nan, kira mini mai walda.” Matashin ya ce, “Baba, ai tana tashi.” Ya ce, “Tana tashi, amma a kan me za ta tsaya?”

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a kunnen mai sha'awar aikin nan. Mu a nan gyaranmu daga sama yake farawa. A fesa fenti, a ɗinka kujera, a manna sitika, a sa fitilu masu walƙiya, ƙasan kuwa a bar wa Allah. Wanda zai tayar da tsohuwar mota da gaske, akasin haka zai bi, kuma zai daɗe yana kashe kuɗi a wuraren da babu mai gani balle ya yaba.

Farko a sauke jikin gaba ɗaya. Abin daɗin motar nan shi ne da noti aka ɗaure kusan komai, mutum huɗu za su ɗaga rufin su ajiye gefe, su ɗaga bodin baya. Amma a kula da sifana. Notinan tsohon awon Ingila ne na inci, ba na milimita ba, sifanar da ake kwance Toyota da ita za ta shiga kamar ta yi daidai, sai ta murje kan notin ta bar ka da aikin kurfi da guduma. A jiƙa su da baƙin mai da kananzir tun kwanaki kafin a taɓa. Kuma kowane abu aka cire a ɗauki hotonsa a waya, a zuba notinansa a gwangwani daban a rubuta. Aikin da zai kai shekara ko biyu, ana yi ana tsayawa sai an sayar da albasa, babu kan da zai riƙe inda kowace kusa ta fito.

Idan casis ya fito tsirara, a kankare shi har ƙarfe ya nuna fari. Wuraren da suka fi ruɓewa sanannu ne: ƙarfen gicciye na baya, da 'yan hannuwan da suka fito gefe suna riƙe da jiki, da inda sifirin ke rataye. A Ingila mutum sabon casis yake saye wanda aka tsoma a ruwan zinki. Mu mai walda gare mu, kuma masu waldarmu sun iya, sai dai a tsaya a kansu. Kada a yarda a ɗora faci a kan tsatsa. A yanke ruɓaɓɓen har inda ƙarfe mai rai ya fara, a sa falanki mai kauri irin na asali. Kafin a kunna wuta a ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye a auna, bayan an gama a sake aunawa, domin zafin walda na karkatar da ƙarfe, kuma motar da casis ɗinta ya karkace har abada a kaikaice za ta riƙa tafiya tana cin taya. Sannan a huda ƙananan ƙofofi inda ruwa zai riƙa fita, a ɗura mai a cikin ramin.

Akwai wuri na biyu da ke ɓoye ɓarna, wato bangon da ya raba inji da wurin zaman direba. Shi ma baƙin ƙarfe ne. A ɗaga tabarmar ƙafa a duba, sau da yawa za ka hango ƙasa ta wurin. Kuma duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe cikin danshi za ka ga wani farin gari, alminiyam ɗin ne ke narkewa a hankali. In an zo mayarwa a sa roba ko fenti a tsakaninsu.

Shi kansa jikin, kada a kai wa mai gyaran jikin mota wanda bai saba da shi ba, ya yi masa gyaran gangar Auzinawa. Alminiyam in ana bugunsa taurara yake yi, sai ya tsage. Tsofaffin hannu suna da dabara: a goga sabulu a wurin, a haska masa wuta daga baya a hankali har sabulun ya yi baƙi, a bar shi ya huce, to ya yi laushi, sai a buga da gudumar katako. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda shi take yi. Inda ya yage, faci da ribiti ya fi. Ni a ganina ma ba kowace lotsawa ce abin gyara ba. Motar da ta yi shekara hamsin tana aiki, in an cika ta da fila har ta yi santsi, ta daina kama da kanta.

Sai birki, kuma a nan ba na son a yi tsimi ko na kwabo. Tayoyin huɗu duk birkin ganga ne, kuma da yawa daga cikin tsofaffin layin man birkinsu ɗaya ne tal, wuri ɗaya ya yoyo, duka huɗun sun tafi. A sauya bututun, a sauya robobin, ko da sun yi kama da masu lafiya. Birkin hannu kuma ba tayoyi yake kamawa ba, farfela yake kamawa a bayan giyabos, don haka ba a jan sa mota na tafiya.

Inji shi ne abin da mutane suka fi tsoro, alhali shi ya fi sauƙi. Yawanci mai silinda huɗu ne, lita biyu da kwata, akwai na fetur akwai na gas, ba kwamfuta, ba na'urar da sai an jona kafin a san ciwonsa. Na fetur kafireto ne da fulogi da lagireto. Na fetur ɗin ma akwai ƙofa a bamba inda ake zura handul a murɗa shi da hannu in batir ya mutu. Duk yaron da ke kwance injin Yamaha na jirgi a bakin ruwan Yelwa ko Zamare ya mayar kafin la'asar, wannan ba zai gagare shi ba. Aibinsa shan mai, da wuya ya ba ka kilomita 7 a lita. Shi ya sa da yawa ke cire shi su dasa injin gas na Toyota ko Nissan. Ban ce haramun ba ne. Wanda zai yi jigilar buhuna da ita ranar kasuwar Wara, lissafinsa daban. Amma a sani giyabos ɗin da sandunan aksil na baya an yi su ne daidai ƙarfin injin asali, in aka ɗora musu wanda ya fi su, sandar aksil ce ke fara karyewa, kuma ba ta karyewa sai a tsakiyar laka. Wanda kuma ya cire injin asali, don Allah ya ajiye shi a ɗaki, kada ya sayar. Ranar da zai so mayar da motar yadda take, ko ya sayar wa masu neman ta asali, zai gode wa kansa.

Bari in yi wa matasa bayanin sandunan nan uku da ke gaban direba, don na ga wanda ya gaji motar bai san amfaninsu ba. Doguwar ita ce giya. Mai kai ruwan ɗorawa, in ka danna ta ƙasa, tayoyin gaba sun shiga aiki. Mai jan kai, in ka tsaya ka ja ta baya, ka shiga giyar ƙarfi, wadda direbobi ke kira ogzilari, motar za ta riƙa rarrafe amma ba abin da zai tsayar da ita. Da ka hau kwalta ka fitar da su, in ba haka ba farfela da giya za su ɗaure. Kuma duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi, ka buɗe man aksil ka duba. In ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a juye.

Kayan gyara fa? Suna nan, sai dai da tafiya. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas. A tsaunin Mambila na jihar Taraba har yau tsofaffin Land Rover na hawa da sauka da kaya, masu gyaransu ba su ƙare ba. A Ingila kuma kusan kowane ƙarfe na Series III ana ƙera sabonsa, ana sayarwa ta intanet, sai dai canji ya sa abin ya yi ɗaci. Dabarar da ta fi ita ce a sayi biyu, ɗaya a tayar, ɗaya a riƙa cira. Mai son Land Cruiser kuwa, irin FJ40 da aka yi daga 1960 zuwa 1984, injinta da giyarta sun fi juriya, amma jikinta na ƙarfe ne, ita ɓarnarta a fili take.

Abu biyu na hukuma, kada sha'awa ta kai mutum ofishin 'yan sanda. Na ɗaya takardu. Da yawa daga motocin nan na gwamnati ne a asali, wanda ya ce zai sayar maka ya nuna takardar gwanjo, kuma lambar casis da ke kan ƙaramin allon cikin mota ta dace da wadda aka buga a jikin ƙarfen ta gaba. Mai sitiyari a dama kuma, hukumar kiyaye haɗurra ta sha gargaɗi a kanta, a mayar da shi hagu, motar an yi ta yadda hakan zai yiwu. Na biyu launi. Kowa ya san Land Rover da kore, amma akwai dokar da ta hana farar hula fenta mota da koren soja, kuma a halin tsaron da ake ciki a dazukan Shanga da Ngaski, ba na ba kowa shawarar ya shiga ƙauye da motar da za a ɗauka ta jami'ai ce. Akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗi, akwai ruwan toka, duk launukanta ne na asali.

Yanzu ku ji yadda abin yake a waje. Ranar 29 ga Janairun 2016 aka ƙera Land Rover Defender ta ƙarshe mai tsohon fasali a Solihull, bayan an yi fiye da miliyan biyu tun 1948. A shekarar ce kamfanin da kansa ya shiga neman tsofaffin Series I, har daga Ostireliya, yana sabunta su yana sayarwa daga fam 60,000 zuwa sama. A Amurka doka ta ba da damar shigo da motar da ta kai shekara 25 ba tare da sharuɗɗan sabuwa ba, shi ya sa dillalai ke bin ƙasashe suna tsintar tsofaffin Defender da Land Cruiser. Ban faɗi wannan don wani ya ɗauka akwalar bayan gidansa ta zama zinariya ba. Yawancin namu sun sha wuya ƙwarai, kuma wanda ya shiga aikin nan don riba, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Na faɗa ne don a san abin da ake bayarwa ranar da mai gwangwan ya zo da sikelinsa. Shi ba ruwansa da shekarar ƙira. Baƙin ƙarfe kuɗinsa daban, alminiyam daban, wayar jan ƙarfe daban. Cikin yini ɗaya zai faskara ta, jikin ya tafi wurin masu narka tukwane, casis ya hau tirela ya dawo mana a rodi. Sana'arsa yake yi, ban ga laifinsa ba. Mai sayarwar ne ya kamata ya tambayi wani kafin ya karɓi kuɗin.

Abin da ya fi damuna ma ba motocin ba ne, masu gyaran ne. Dattawan da suka san ta da kunne suna ƙarewa, yaran gareji na yanzu kuma sauyi suka koya, a cire na Beljiyam a sa na Beljiyam. Mota ɗaya irin wannan, in aka kwance ta a gaban yara goma, sun ga walda, sun ga wayarin, sun ga yadda giya ke cizon giya, duk a fili ba a rufe cikin akwati ba. Makarantun koyon sana'a da ƙungiyar makanikai za su iya neman ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a harabobin gwamnati ta hanyar da ta dace. Kuma da za a ce ranar bikin Rigata, bayan tseren jirage, an jero ko da uku ne da yaran garin nan suka tayar da hannunsu, ina tabbatar muku sai an rasa wurin tsayawa.

Wanda yake da ita a gida kuma ba shi da halin farawa bana, ga abin da zai yi kafin ruwan farko ya sauka, kuma bai kai kuɗin buhun siminti ba. Ya janye ta daga gindin bishiya, domin ganyen da ke taruwa a lungunanta shi ke riƙe ruwa. Ya ɗora ta a kan bulo tayoyin su bar ƙasa. Ya wanke lakar cikin casis da ruwa mai ƙarfi, ya bar ta ta sha rana. Ya cire fulogi ya ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, ya riƙa juya injin da hannu lokaci-lokaci don kada fistin ya kama. Ya toshe bakin salansa da na kafireto saboda ɓeraye da zanzaro, ya yi mata rumfa ko da ta zana ce, takardunta kuma ya sa a leda ya kai cikin akwati.